Yadda Ake Tantance Ingancin Kontak ɗin Azurfa Kafin a Ɗora Masa Wuta

A cikin kowace kontakta, rile ko bireka, wato na'urorin da ke kunna wutar lantarki ko katse ta, akwai wasu 'yan ƙananan ƙarafa masu kama da maɓallin riga. Su ne ke haɗuwa wuta ta wuce, su rabu ta yanke. Waɗannan su ne kontak, kuma a na'urori masu daraja da azurfa ake yin fuskarsu. Duk girman injin da ke aiki a masana'anta, lafiyarsa na rataye ne a kan wannan ɗan wurin haɗuwa. In kontak ya yi zafi sai ya ƙona kewayensa, in kuwa ya manne da ɗan'uwansa, sai a danna makunni a kashe amma inji ya ci gaba da juyawa, kuma nan ne rai ke shiga haɗari.

An zaɓi azurfa ne saboda babu ƙarfen da ya kai ta saurin watsa wuta. A ma'aunin IACS, inda aka ba jan ƙarfe maki 100, azurfa zalla tana kaiwa wajen 105. Sannan ba ta yin irin tsatsar jan ƙarfe mai tare hanyar wuta. Sai dai tana da laushi, tana narkewa a zafin digiri 962, kuma farar wuta na baƙanta ta. Saboda haka ƙyalli ba shi ne inganci ba. Abin dubawa shi ne ko haɗin da ke cikin kontak ɗin ya dace da aikin da za a sa shi, kuma ko akwai shaidar hakan a takarda da kuma a gwaji.

Fara da sanin lodin da zai ɗauka

Tun kafin ka taɓa kayan, rubuta abu huɗu: ampiya nawa, bolt nawa, wutar AC ce ko DC, kuma me za a riƙa kunnawa. Na ƙarshen nan shi aka fi mantawa, alhali shi ya fi komai tasiri. Hita tana jan wuta daidai wa daida tun daga kunnawa. Mota kuwa, wato injin lantarki mai juya na'urori, takan fizgi kusan ninki shida na wutarta ta yau da kullum a lokacin tashi. Fitilun LED da na'urori masu kafasita sukan fizgi ninki mai yawa a cikin ƙiftawar ido, kuma wannan fizgar ce ke walda kontak biyu wuri guda. Shi ya sa ƙa'idar IEC 60947-4-1 ta raba aikin kontakta aji-aji: AC-1 na lodi irin na hita, AC-3 na tayar da mota da kashe ta tana gudu, AC-4 na kunnawa da kashewa a jere ko juya akalar mota. Kontakta ɗaya tana da ampiya dabam-dabam a kowane aji. Wanda ya karanta lambar AC-1 ya ɗora wa mota, ya riga ya cuci kontak ɗin komai kyawunsa.

Sai ka daidaita haɗin da lodin

Nan ne ainihin ilimin yake, don haka a tsaya a kai. Ba kasafai ake amfani da azurfa zalla, mai tsarkin kashi 99.9, a wurin wuta mai ƙarfi ba. Ta fi dacewa da ƙananan makunnai masu lodi kaɗan. Da wuta ta ƙaru sai a gauraya ta da wani abu da zai ƙarfafa ta.

Azurfa da nikel, wadda ake rubutawa AgNi, yawanci kashi 90 da 10 ko 80 da 20, tana da ƙarancin turjiya, wato ba ta tare hanyar wuta sosai, kuma tana jure gogayya, shi ya sa ta cika rile da ƙananan kontaktoci. Amma in fizgar farko ta yi yawa takan manne. AgCdO, wato haɗi da kadmiyam, ta daɗe tana riƙe da kontaktocin mota saboda ba ta saurin mannewa. Matsalarta guba. Dokar RoHS ta Tarayyar Turai ta kayyade kadmiyam a kashi 0.01 na nauyi, in ban da wasu ayyuka da aka keɓe, don haka masu ƙira da yawa suka koma AgSnO2, haɗi da kuza, galibi 88 da 12 ko 90 da 10. Wannan tana jure tartsatsi da fizgar fitilu sosai, kuma tana da kyau a wutar DC, sai dai takan ɗan fi ɗaukar zafi, shi ya sa ake ƙara mata wasu sinadarai kaɗan don gyara halinta. A manyan birekoki kuwa, inda tartsatsin yankewa ke da muni, za ka tarar da azurfa da tangistan, AgW ko AgWC, sau da yawa a gefe guda, ɗaya gefen kuma azurfa da girafait, AgC, wadda ta yi fice wajen ƙin mannewa amma tana saurin cinyewa.

A ganina babu babban kuskure irin a ce "azurfa ai azurfa ce" a musanya wannan da wancan. Mai ƙirar na'ura ya auna ƙarfin sifirin da saurin rabuwa ne bisa haɗin da ya zaɓa. In za ka sauya, sauya da irin wanda ya rubuta.

Nemi takarda, kuma ka karanta ta

Duk mai sayar da kaya na gaskiya zai iya faɗa maka ƙa'idar da aka bi. Azurfar da aka tace tana ƙarƙashin ƙa'idar ASTM B413, mai darajoji uku: 99.90, 99.95 da 99.99. ASTM B742 ta shafi azurfa zalla da aka sarrafa don kontak, B693 ta AgNi ce, B631 ta AgW, B844 kuma jagora ce kan AgSnO2. In shafen azurfa ne kawai aka yi wa ƙarfe, to ASTM B700 ko ISO 4521 za ka nema. Rile gaba ɗayanta kuma tana bin jerin IEC 61810.

Irin takardar shaidar ma abin lura ne. A tsarin EN 10204, takarda mai lamba 2.1 furuci ne kawai cewa kaya sun dace, babu sakamakon gwaji a ciki. Mai lamba 3.1 ita ce ke ɗauke da sakamakon gwajin ainihin rukunin da aka kawo maka, da sa hannun mai binciken da ba ya ƙarƙashin sashen ƙira. Nemi 3.1. Sannan ka gwada lambar rukunin da ke takarda da wadda ke jikin kwali. In ba su zo ɗaya ba, takardar ta wasu kaya ce. Shaidar ISO 9001 kuma tana magana ne kan tsarin gudanar da kamfani, ba ta gaya maka yawan azurfar da ke cikin kontak ɗin da ke hannunka.

Duba da ido, sannan ka yanka ɗaya

Ɗebi samfur daga wurare dabam-dabam a cikin kayan, kada ka tsaya kan na sama. In kaya masu yawa ne, ISO 2859-1 ta tsara adadin da za a ɗiba. Sa safar hannu, domin gumin yatsa na barin tabo. Ɗora kontak a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ka karkata shi ga haske. Fuska mai kyau sumul take, launinta ɗaya daga tsakiya har gefe. Abin da kake nema shi ne tsaga siririya a baki, ƙananan ramuka, kumburi kamar bororo, tsini da aka bari wajen yanka, ko ɗigon ja da ke nuna ɓurɓushin jan ƙarfe ya maƙale a fuskar. Wannan ɗigon, ƙanƙantarsa ba ta hana shi zama wurin da zafi zai fara taruwa.

Yanzu ka sadaukar da guda ɗaya ko biyu. Yanka shi tsaye ta tsakiya, ka goge wurin yankan har ya yi santsi. Yawancin kontak masu siffar ƙusa hawa biyu ne: fuskar azurfa a sama, jan ƙarfe a ƙasa, kuma wannan ba ha'inci ba ne, haka aka tsara su. A wurin yankan za ka ga fari a kan ja, da layi a tsakaninsu. Auna kaurin farin a tsakiya da kuma gefe, ka gwada da zanen mai ƙira. Layin haɗuwar ya zama a manne babu rata, babu baƙin zare. In ka tarar farin siriri ne ƙwarai har ido ba ya raba shi da jan, to shafe ne aka sayar maka a matsayin kontak mai kauri, kuma tartsatsi zai cinye shi nan da nan. In kontak ɗin na AgCdO ne, a yi yankan da ruwa a wuri mai iska, kada a shaƙi ƙurarsa, kada kuma a ƙona shi.

Auna nauyi da abin da ke ciki

Ga kontak da ba hawa biyu ba, sikeli mai kyau da kofin ruwa sun isa su tona asiri. Auna shi a iska, sannan ka rataye shi da zare siriri ka auna shi cikin ruwa. Bambancin giram ɗin shi ne girmansa a santimita kubik, sai ka raba nauyinsa na iska da wannan girman. Misali, in ya yi giram 10.3 a iska, 9.3 a ruwa, nauyinsa a kowace santimita kubik 10.3 ke nan, wanda ya dace da AgNi 90 da 10. Azurfa zalla 10.49 ce, jan ƙarfe kuwa 8.96, don haka in lissafi ya faɗo wajen 9, jan ƙarfe ne aka yi wa shafe. AgSnO2 dama ƙasa da 10 kaɗan take, AgW kuma ta fi azurfa nauyi nesa, saboda haka koyaushe da takardar mai ƙira za ka gwada. In ya gaza abin da aka rubuta da ɗan kaɗan, alama ce ta ramukan iska a ciki.

Maganaɗisu na taimakawa amma a yi hattara da shi. Azurfa ba ta bin maganaɗisu, sai dai nikel na bi, don haka AgNi na gaske na iya ɗan motsawa. Na'urar XRF, mai aiki da hasken X-ray, tana faɗin sinadaran da ke ciki cikin daƙiƙu, tana kuma auna kaurin shafe bisa ASTM B568, amma sama-sama take gani. Shafe mai kauri zai iya ruɗinta, shi ya sa ba ta maye gurbin yanka. In akwai ɗakin gwaji kusa, a ƙara da gwajin tauri na Vickers da gwajin ƙarfin mannewar kontak a jikin hannunsa.

Auna turjiya

Katse wuta, ka kulle makunni, ka tabbatar da mita cewa babu wuta kafin ka sa hannu. Malti-mita ta yau da kullum ba za ta yi wannan aikin ba, domin turjiyar wayoyinta kaɗai ta fi ta kontak ɗin. Ana buƙatar mita mai wayoyi huɗu: biyu na tura wuta, biyu na karanta faɗuwar bolt, kamar yadda ASTM B539 ta bayyana. Rufe kontakta ta hanyar kunna kwayil ɗinta, wato naɗin wayar da ke jawo kontak su haɗu, ba da danna yatsa ba, don a sami matsin da take aiki da shi. Karanta kowace ƙafa, wato kowane ɗaya daga layukan wuta uku da ke ratsa kontakta, sau da dama, kana buɗewa kana rufewa.

Ga dalilin da ya sa 'yar lamba ke da muhimmanci. Zafin da ke fita shi ne ampiya sau ampiya sau turjiya. A ampiya 40, mili-om 1 na ba da wat 1.6. Mili-om 5 kuwa wat 8 ne, duk a kan wurin da bai kai faɗin farce ba. Kuma idan faɗuwar bolt a kan kontak ɗin azurfa ta kai wajen 0.09, wurin haɗuwar ya fara laushi, a 0.37 kuma ya narke. Ƙafafu ukun su zo kusa da juna. In ɗaya ta yi nisa da sauran, ko karatu na tsalle duk lokacin da aka rufe, kada ka karɓa.

Daga nan sai gwajin zafi: a bar na'urar ta ɗauki cikakken lodinta har zafinta ya daina hawa, sannan a auna. IEC 60947-1 ta yarda tashoshin haɗa waya masu shafen azurfa su haura zafin ɗaki da digiri 70, na jan ƙarfe tsirara kuma 60.

Ajiya da kulawa

Kontak mai kyau na iya lalacewa tun yana sito. Robar ɗauri, wasu kwalaye da hayaƙin da ke ɗauke da farar wuta duk suna baƙanta azurfa, don haka a bar su cikin ledarsu a rufe, a wuri busasshe. In za a girka na'urar kusa da matatar ruwan datti ko masana'antar takarda, tambayi ko an yi mata gwajin jure hayaƙin farar wuta na IEC 60068-2-43. A nisanta man silikon daga rile, domin tartsatsi na mayar da tururinsa wani farin gari da ke tare wuta.

Baƙin da ke bayyana a kontak ɗin da ke ɗaukar wuta mai ƙarfi yawanci ba matsala ba ne, matsi da tartsatsi na fasa shi. Kada ka kai masa magagari ko takardar yashi. Azurfar kake kankarewa, kuma ƙwayoyin yashin da suka maƙale ba sa watsa wuta. Inda baƙin ke cutarwa shi ne layin sigina mai 'yar ƙaramar wuta, kuma a can kontak mai shafen zinari ya kamata a sa tun farko. Idan azurfa ta cinye har jan ƙarfen ƙasa ya fara leƙowa, ko ta kai alamar da mai ƙira ya sa, a cire na ƙafafu ukun gaba ɗaya, masu motsi da na tsaye, a sa sababbi daga rukuni ɗaya.