Kurakuran da masu jego ke ta maimaitawa da sana'ar hannunsu

Na gaji wallahi. Duk yarinyar da ta koyi ɗinki ko saƙa ko ƙunshi a hannuna, da ta haihu sai ta bi sawun wadda ta gabace ta, in mun haɗu gidan suna na ce ina keke, sai ta ce "Anti ai yanzu sai a hankali". To ƙannena ku matso mu yi magana.

Babban kuskuren shi ne jira. Sai an yi arba'in, sai yaro ya zauna, sai ya yi tafiya, sai an yaye. Yaye ko shekara biyu ne in za a cika shayarwa yadda ta zo cikin suratul Baƙara, kuma mun sani nan garin sau da yawa kafin a cire wannan daga nono wani cikin ya shiga. Binciken lafiya da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna matsakaicin haihuwar mace guda ya kai 7.6, jihar Maradi ma ta haura haka. Ki lissafa da kanki, in kowane ɗa zai ci miki shekara biyu ko uku kina jira, yaushe za ki koma? Ni jiran nan kekena ya ci. Haihuwar fari na tafi wanka gida Tibiri, na bar Butterfly ɗina na ƙafa lulluɓe da zane, da na dawo aka ce tunda ba ki taɓa shi a ba wance aro, daga aro sai sayarwa ranar da hannu ya bushe, 'yan jikkunan suka narke cikin cefane. Ba kuɗin suka fi ƙona min rai ba. Ranar da na sake zama gaban keke ƙafata ta mance taku, almakashi na rawa a hannuna, wuyan rigar da nake yankawa ido rufe sai da na ɓata atamfar mutane. Kuma duk tsawon lokacin nan maman wane kawai ake ce min, har ni kaina in aka tambaye ni me nake so ban da amsa.

Kar ki sayar da kayan aikinki, kar ki ba da aro ko wa ya roƙa, kar ma ki lulluɓe su. Nawa na yanzu yana nan gefen inda nake zama in ba da nono, zare a allura kullum. Sabon jariri yana barcin awa 14 zuwa 17 a kwana amma gutsi-gutsi ne, yana neman nono sau 8 zuwa 12, ke nan wunin nan guda cur da kike jira ba zai zo ba, 'yan mintoci ne ke zuwa. Ni nawa bayan asuba ne kafin gida ya tashi. In bai yiwu ba in ɗauko kaye da bik in zana fasalin hannun riga ko furen zanen gado, ko da ba zan ɗinka shi bana ba. Wata za ta ce barci ya fi, kuma ranar da jiki ya ƙi to ki kwanta abinki, amma kar ya zama kowace rana.

Sai na biyu, wanda shi ne yake sa ni faɗa sosai. Wata ta ji maganata ta koma kan keke, madalla, sai kuma ta buɗe ƙofa ta karɓi ɗinkin Sallah na unguwa gaba ɗaya. Haba ke kuwa! Jikinki bai gama komawa ba, in tiyata aka yi miki ma likita bai ce ki taka keke ba tukuna, ga goyo, ga zafin watan Afrilu, ga kuran da ke ɗaukewa tsakar dare, ke kuma kin yi wa mutum goma alkawari. Na ga ɗaya cikin ɗiyan da na koyar ana gobe Sallah, fitila a baki, yaro na tsala kuka a bayanta, mai kaya na tsaye bakin ƙofa tana zagi. Tun daga ranar ta tsani keken. Abin da ya kamata ya sanyaya mata rai shi ya koma mata bashi. Ni ƙa'idata, watannin farko aikin da babu mai jiransa nake yi: 'yar riga ta jaririn da ragowar ƙyalle, hular saƙa, wani salon da na daɗe ina son gwadawa kuma na san ba mai saye. A nan kike gane hannunki ya canza, ni bayan haihuwa na gano aikin zare ya fi kwanta min a rai a kan yanka. Kuɗi za su zo daga baya, ki karɓi ɗaya ki gama sannan ki karɓi wani.

Ƙananan kuma ga su. Kallon aikin 'yan Kano a TikTok har cajin salula ya ƙare ba aiki ba ne, sanyaya gwiwa ne. Kar ki kwashe kuɗin adashe ki je babbar kasuwa ki jibgo kaya kafin ki gama da na cikin leda. Allura da maɓalli da dutsen ado a gwangwani mai murfi, nesa da shimfiɗar yaro. Masu ƙunshi ku nisanta baƙin lallen nan mai haɗin rinin gashi daga jariri, ko jan lallen ma ni ba na sa wa jinjiri, don akwai yaran da yake fasa wa jini. Masu turaren wuta a turara a waje. Kuma in Inna ko ƙanwar maigida ta ce kawo shi in riƙe miki, ki miƙa, kar kunya ta cuce ki. Maigida ma ki faɗa mishi a fili kina son awa guda, ba zai gane da kanshi ba.

Akwai wanda ba kuskurenki ba ne amma kuskure ne a yi shiru a kanshi. In an wuce sati biyu da haihuwa kina kuka ba dalili, abin da kike so da can duk ya fita ranki, barci ya ƙi ko yaro na barci, wannan ba lalaci ba ne, ciwon damuwa ne na bayan haihuwa kuma yana da magani. Ranar da kika kai yaro awo ko rigakafi ki ja sajfam, wato ungozomar asibiti, gefe ki faɗa mata yadda kike ji, in ba za ki iya ke kaɗai ba ki tafi da yayarki.