Yadda ɗan zango zai gyara turancinsa a Accra

Abu na farko, ka cire wa ranka cewa turanci kayan wasu ne. Mu a Nima da Mamobi da Sabon Zango an daɗe ana mana kallon baƙi, musamman tun 1969 da gwamnatin Busia ta kori marasa takardun zama, mutanenmu da yawa suka tattara suka koma Najeriya da Nijar, ga kuma tsoron da iyaye ke yi kar yaro ya shiga makarantar mishan ya bar sallah. Abin nan har yau bai sake mu ba, sai ka ga yaro ya san amsa sarai amma ya yi gum a aji don kar a yi dariyar bakinsa. To kai ɗan Ghana ne, da turanci aka rubuta Ghana Card ɗinka, wato katin shaidarka na ɗan ƙasa, da shi ake magana a kotu da majalisa, rabonka a ciki daidai yake da na ɗan unguwar Osu.

Sai ka zaɓi wane turanci za ka bi. Ni dai shawarata na Ghana, kar ka wahalar da kanka da maƙale murya irin ta Amurka, mutanen nan ba sa raga wa wanda ko daga filin jirgin saman Accra bai taɓa tashi ba amma yana magana ta hanci. Dabarar da na fi so: ka saurari labarai da Hausa a gidan rediyon GBC, sannan ka kama Joy FM ko Citi FM ka ji labaran ranar da turanci, tunda ka riga ka san zancen kalmomin da kansu za su zauna. Ka samu jaridar Daily Graphic ko ta jiya ce, ka karanta shafi ɗaya da ƙarfi kana ɗaukar muryarka a waya. Nan za ka kama matsalarmu ta p da f, ka haɗa leɓe gam wajen p, wajen f kuma haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa, a gaban madubi in ta kama.

Fijin kuwa, wato turancin buroka, ba haram ba ne, yi abinka da shi a motar haya ta trotro da wajen shan ataya, amma masu duba jarabawar WAEC ba ruwansu da shi, kuma in ka faɗi turanci a WASSCE, jarabawar gama sakandare, jami'a sai dai ka hango. Don haka ko a WhatsApp ka ware mutum ɗaya wanda cikakken turanci kawai kuke rubuta wa juna.

Iyaye kuma, Hausa ba ta cikin harsunan da ake koyarwa a makarantun gwamnati, yaronku Ga ko Twi zai yi a aji, ku bar masa Hausarsa a gida kar ku hana wai don turanci ya zauna. Kuma yaron da ya haddace izu biyar a makarantar allo, haddar jimla uku kullum ba za ta gagare shi ba, ku sa shi ya rubuta su a littafi ya karanta muku bayan magariba.