Yadda Ake Kai Ƙarar Jami'in Gwamnati da Ya Karya Doka da Gangan

Kafin ka rubuta koke, tattara hujjar da ke nuna cewa jami'in yana sane ya aikata laifin, domin a nan shari'a ke tsayawa ko ta rushe. Rasit, takardar kwangila mai sa hannunsa, saƙon waya da ya nemi cin hanci, da ranar da abin ya faru, sun fi dogon labari amfani. Idan takardun suna hannun wata ma'aikatar gwamnati, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar neman su a rubuce, kuma wajibi ne a amsa cikin kwana 7.

Daga nan sai ka miƙa koken ga hukumar ICPC ko EFCC, hukumomin yaƙi da cin hanci na Najeriya, ka ajiye kwafin da aka buga wa hatimi. Sashe na 19 na dokar ICPC ta 2000 ya tanadi ɗaurin shekara 5 ba tare da zaɓin tara ba ga jami'in da ya yi amfani da kujerarsa ya azurta kansa ko danginsa. Kada ka ƙara gishiri, domin koken ƙarya shi ma laifi ne.

Sashe na 308 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana gurfanar da shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu muddin suna kan mulki, amma bai hana bincike ba, saboda haka kada ka jira saukarsu. Bayan barin kujera ne aka gurfanar da tsofaffin gwamnonin Filato da Taraba, Joshua Dariye da Jolly Nyame, kotu ta ɗaure su a 2018.