Yadda na gyara motar robot da ke mutuwa da zarar tayoyi sun motsa

Motar da ɗalibaina suka haɗa da Arduino Uno (ƙaramin allon da ke ɗauke da shirin sarrafa motar) da allon L298N (mai tura wuta zuwa injinan tayoyi) tana aiki lafiya muddin kebul ɗin USB yana jone da kwamfuta. Da an cire shi an ajiye ta a ƙasa, sai ta yi ɗan yunƙuri ta tsaya, shirin ya koma farko. Yaran suka ɗauka umarnin da suka rubuta ne ya lalace, har wasu suka fara gogewa, abin da ya fi damuna ke nan.

Batirin 9V mai kusurwa huɗu da ke ba Arduino da injinan tayoyi wuta tare ne ya jawo. Injinan tayoyi suna zuƙar wuta sosai lokacin tashi, shi kuwa ba ya iya bayarwa, sai ƙarfin wutar ya faɗi, Arduino ya sake tashi. Ga L298N shi ma yana cinye kusan volt 2.

Na bar 9V ɗin wa Arduino kaɗai, na ba injinan batir 18650 (irin dogon batirin da ake caji) guda biyu jone a jere, wato volt 7.4. Sai na haɗa GND (wurin jona ɓangaren "−" na wuta) na allunan biyu da waya ɗaya. In babu ita, umarni ba ya isa tayoyi daidai. Kafin gyaran na sa kowane rukuni ya ɗora mitar auna volt a kan batirin 9V ɗin, ya ga lambar tana faɗuwa da idonsa.