Idan saki ya shigo ta waya

Shekara 14 ina limanci a wani ƙauye kusa da Ringim, kuma yanzu yawancin rigimar auren da ake kawo mini zaure a cikin waya take zuwa. Kwanakin baya 'yar ƙanwata ta shigo bayan la'asar, goyo a baya, ido ya kumbura, ta miƙo mini wata 'yar waya mai tsagaggen gilashi ta ce, "Kawu, karanta." Mijin yana ci-rani a Legas. Abin da ya turo bai wuce "Na sake ki" ba.

Da farko kada a goge saƙon, kada kuma ƙanenta ya karɓi wayar ya mayar da zagi. A bar shi da ranarsa da lambar da ta turo, a ɗauki hotonsa da wata wayar. In murya ce ta WhatsApp, waliyyinta kaɗai za a tura wa.

Sai a kira mijin a gaban adilai biyu, kowa yana ji. Kai ka rubuta? Da niyya? Saki nawa? A Malikiyyar da muke bi, wanda ya rubuta saki da ƙudurin zuciya to ya saku. Amma na taɓa ganin wanda aka ɗauki wayarsa a wurin mai caji aka yi masa wannan aika-aika, shi ya sa ba na buɗe baki sai na ji daga mai wayar.

Abin da ya fi ci mini rai kwashe kaya. Saƙo ya shigo da azahar, kafin magariba an kwance gado an ɗora a amalanke! Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita daga ɗakinta, ita ma an hana ta fita. Iddarta tsarki 3, mai ciki sai ta haihu, wadda ba ta jini wata 3. In saki ɗaya ne ko biyu, muddin tana cikin idda ci da sha suna wuyan mijin, kuma yana iya yin kome ba sabon sadaki.

Sai maganar saki uku a kalma ɗaya. Nan take za ka ga kowane ɓangare ya zaro bidiyon TikTok. Saɓanin tsoho ne: mazhabobi huɗu sun ce uku ne, Ibn Taimiyya ya ce ɗaya. Kada a tsinci bidiyon da ya yi wa rai daɗi, kada kuma a zagi malamin da ya saɓa. Mai bidiyo bai ga matar ba, bai ji mijin ba. Wannan, ko inda miji ya musanta, ni kaina gaban alƙali nake tura su.

Ita 'yar tawa, mijin ya amsa cewa ɗaya ne, fushi ya kwashe shi. Na sa ta koma ɗakinta a daren. Kafin ta shiga tsarki na biyu ya hau mota ya zo, ya yi kome a gabana da mai unguwa.