Yadda Kwamitin Ƙasa Ke Sa Baki a Ƙa'idojin Lantarki na Duniya, da Ƙofar da Injiniyan Kebbi da Zamfara Zai Bi

Wanda ya saba duba ƙarfen bayanai da ke manne a jikin taransifoma, ko takardar da ke bayan faifan sola, ya san haruffan IEC da lambar da ke biye da su: 60076 ga taransifoma, 61215 ga faifan sola, 60228 ga wayar da ke cikin kebul. IEC, hukumar ƙasa da ƙasa da ke fitar da waɗannan ƙa'idojin lantarki, an kafa ta a Landan a 1906, Lord Kelvin ne shugabanta na farko, yanzu kuma hedkwatarta na Jeniba a ƙasar Suwizalan. Kamfani ba ya zama mambanta, mutum ɗaya ma ba ya zama. Kowace ƙasa kwamiti guda take da shi, ƙuri'arta kuma guda. A Najeriya kwamitin yana ƙarƙashin inuwar SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki da aka kafa a 1971. Saboda haka malamin kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, ko injiniyan da ke kafa sola a ƙauyukan Talata Mafara, ba shi da hanyar aika wa Jeniba ra'ayinsa kai tsaye. Dole ya bi ta kwamitin ƙasa.

Dalilin da zai sa a damu

Ƙa'idar taransifoma ta ɗauka cewa zafin iska ba zai wuce digiri 40 ba, matsakaicin watan da ya fi zafi ba zai wuce 30 ba, na shekara kuma ba zai wuce 20 ba. A Birnin Kebbi ana haura 40 a watan Afrilu, matsakaicin shekara kuwa ya zarce 26. IEC 60076-7 ta nuna cewa takardar da ke naɗe da wayar cikin taransifoma tana tsufa ninki biyu duk lokacin da zafin wurin da ya fi ɗumi ya ƙaru da digiri 6. Ke nan taransifomar da aka ƙera bisa yanayin digiri 20, idan aka ɗora mata cikakken lodi dare da rana a Argungu, kwananta zai ragu da rabi ko fiye. Haka teburin kebul na IEC 60364-5-52 ya ginu a kan iska mai digiri 30. A digiri 40 wayar da aka rufe da robar PVC kashi 87 cikin 100 na lodin da aka rubuta take iya ɗauka, a 45 kashi 79, a 50 kashi 71. Cikin silin ɗin gidan kwano da rana tsaka a bazara, 50 ba abin mamaki ba ne.

Waɗannan lambobi mutane ne suka zauna suka amince da su, kuma akasarinsu daga ƙasashe masu sanyi suka fito. Ba mugunta ba ce. Kowa abin da ya auna a gidansa yake kawowa.

Zaɓen kwamitin da za a shiga

IEC na da kwamitocin fasaha (TC) da ƙananansu kimanin 200, ba ƙasar da ke iya bin dukkansu da kyau in ba manyan ƙasashen masana'antu ba. Ga yankinmu, waɗanda suka fi taɓa rayuwa su ne TC 82 na sola, TC 13 na mitoci, TC 14 na taransifoma, TC 20 na kebul, TC 21 na batura, TC 64 na wayarin ɗin gini, da TC 2 na injinan lantarki masu juyawa irin na injinan gyaran shinkafa da famfunan ban ruwa.

A kowane kwamiti ƙasa na zaɓar matsayi ɗaya cikin biyu. Mamba mai harafin P mai aiki ne: wajibi ne ya kaɗa ƙuri'a a kan kowace takarda, ya halarci taro ko ya aika da matsayinsa a rubuce, kuma shi ke da ikon tura ƙwararru. Mamba mai harafin O ɗan kallo ne, yana karɓar takardu, yana iya yin sharhi da zuwa taro, amma ba a tilasta masa komai. Kuskuren da aka fi yi shi ne kwaɗayin harafin P a kwamitoci da yawa. Idan ƙasa ta yi shiru a ƙuri'a, ofishin Jeniba zai tunatar da ita, in ba ta ba da gamsasshiyar amsa ba a mayar da ita O, kuma sai bayan wata 12 take iya neman komawa. P a kwamitoci biyar da ake aiki a cikinsu ya fi P a talatin da ba mai buɗe takardunsu.

Kowane kwamitin da aka shiga ana kafa masa takwara a gida, wato rukunin ƙwararrun da za su riƙa karanta takardunsa su tsayar da matsayin ƙasa. Nan ne ƙofar take. Ana son a samu masu ƙera kaya, masu shigo da su, kamfanonin rarraba wuta, hukumomi irin su NERC mai tsara harkar wuta da NEMSA mai binciken kayan lantarki, jami'o'i, ɗakunan gwaji da masu amfani da kayan. Wanda ke son shiga ya sa ma'aikatarsa, ko makarantarsa, ko ƙungiyar injiniyoyi ta NSE ta rubuta wa SON takardar gabatarwa, a haɗa da tarihin aikinsa, a kuma ambaci lambar kwamitin. Takardar da ta ce "fannin lantarki" kawai takan kwana a fayil, don ba a san teburin da za a miƙa ta ba.

Matakan da takarda ke bi

Kowace takarda tana zuwa da lambar kwamiti, lambar jeri, sai haruffan da ke nuna matakinta. Haruffan nan za a fara dubawa, domin su ke faɗin abin da ya rage a iya canzawa.

NP shawara ce ta fara sabon aiki. Tana wucewa idan kashi biyu bisa uku na mambobin P da suka kaɗa ƙuri'a sun yarda, kuma aƙalla ƙasashe 4 sun ba da sunayen ƙwararrun da za su yi aikin, ko 5 idan mambobin P na kwamitin sun kai 17. Sharaɗi na biyun ne ya fi wuyar cikawa. Kowa zai ce ya yarda, amma ba wanda zai ba da mutum. Shi ya sa kafin a miƙa NP ake fara tuntuɓar ƙasashe masu irin yanayinmu, ta hanyar AFSEC, hukumar ƙa'idojin lantarki ta Afirka da aka kafa a 2008, ko kai tsaye da irin su Indiya da ƙasashen Larabawa.

Daga nan rukunin aiki ya rubuta daftari. Ƙwararren da ke cikin rukunin, ko da yake ƙasarsa ce ta tura shi, da iliminsa yake magana, ba da sunan ƙasa ba. A babban taron kwamiti kuwa shugaban tawaga ne kaɗai ke furta matsayin ƙasa, sauran 'yan tawaga ba sa saɓa masa a bainar jama'a.

Sai CD, daftarin da ake raba wa ƙasashe don sharhi na mako 8, 12 ko 16. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: duk wata babbar magana ta fasaha, a nan ake kawo ta. CDV ke biye, daftarin da ake kaɗa wa ƙuri'a cikin mako 12. Tana wucewa idan kashi biyu bisa uku na ƙuri'un mambobin P sun amince, kuma ƙuri'un ƙin amincewa ba su wuce kashi ɗaya bisa huɗu na dukkan waɗanda aka kaɗa ba. Ba a ƙirga wanda ya ƙaurace, ba a kuma ƙirga "a'a" da ba ta zo da hujjar fasaha ba. Idan CDV ta wuce ba tare da canjin fasaha ba, ana iya buga ta kai tsaye. In ba haka ba a fitar da FDIS, daftarin ƙarshe, ƙuri'ar mako 6 bisa ma'auni iri ɗaya, wadda ba a karɓar "na yarda amma da sharaɗi" a cikinta. Wanda ya farka a matakin FDIS ya makara.

Makonnin nan na Jeniba ne, na gida sun fi gajarta. A CDV, tsarin da ke aiki shi ne sakataren takwaran gida ya raba takarda a makon farko, sharhi ya dawo kafin ƙarshen mako na shida, a yi zama a na takwas, a tura ƙuri'a a na goma. Makonni biyun da suka rage na katsewar intanet ne da jiran sa hannu. Shafin ƙuri'a yana rufewa da kansa, ba ya jin uzuri.

Rubuta sharhin da ba za a watsar ba

Ana rubuta sharhi da Turanci a cikin fom na musamman mai gidaje: ƙasa, lambar layi, sashe, sakin layi ko tebur, nau'in sharhi, sharhin kansa, gyaran da ake so, sai gidan ƙarshe da sakataren kwamiti ke cikewa da hukunci. Nau'i uku ne: ge na gama-gari, te na fasaha, ed na gyaran rubutu. Kada a haɗa magana biyu a layi ɗaya, kada a sauya fasalin fom ɗin, domin na'ura ce ke tattara na dukkan ƙasashe.

Gidan gyaran da ake so shi ne ran sharhi. Idan aka rubuta cewa gwajin bai dace da ƙasashe masu zafi ba aka bar gidan fanko, amsar da za ta dawo ita ce "an lura", ma'ana ba abin da zai canza. Sai an kawo ainihin jimlar da ake son a saka, da lambar da za ta maye gurbin ta da, da awon da ya goyi bayanta.

Awon nan ne gudummawar da Kebbi da Zamfara za su iya bayarwa wadda Legas ba za ta iya ba. A sa na'urar ɗaukar zafi mai ajiye bayanai a cikin akwatin mita da ke fuskantar yamma, wata a cikin silin, wata a bayan faifan sola, wata a inuwa don kwatance. Ta riƙa ɗauka kowane minti 10 ko 15, tun daga Maris har ƙarshen Mayu. A rubuta samfurin na'urar, ranar da aka daidaita ta da wurin da aka yi, da bayanin wurin da aka kafa ta, a jingina da alƙaluman NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa. Awon da ba shi da shaidar daidaita na'ura shi ake fara yarwa. Ga ƙura kuma, a tsakanin Disamba da Fabrairu a ajiye fayafai biyu iri ɗaya gefe da gefe, ana wanke ɗaya kullum ana barin ɗayan, ana rubuta wutar da kowanne ya bayar.

Kafin a yi ƙorafi a karanta ƙa'idar har ƙarshe. Sau da yawa an riga an yi tanadi. IEC 60076-2 ta ce idan wurin ya fi yanayin da aka ɗauka zafi, a rage iyakar ɗumamar taransifoma daidai da ƙarin, amma sai mai saye ya faɗa a takardar oda. IEC TS 63126 ta yi bayanin gwada fayafan da za su yi aiki a wuri mai tsananin zafi, IEC 60068-2-68 kuma ta tanadi gwajin ƙura da yashi. A irin wannan hali matsalar ba ta Jeniba ba ce, ta wanda ya rubuta takardar kwangila ce.

Kafin ƙuri'a ta fita dole takwaran gida ya cimma matsaya. Ba a buƙatar kowa ya yarda. Abin da ake nema shi ne kada wani ɓangare mai muhimmanci ya dage a kan adawa bayan an saurari hujjarsa. Mai shigo da kaya zai so a sassauta, mai ƙerawa a gida zai so a tsaurara inda ya fi ƙarfi. Idan ƙasa ba ta da masani a kan batun, ƙauracewa ta fi mutunci a kan "e" ta rufe ido. Takardun kuma na 'yan kwamiti ne, akwai haƙƙin mallaka a kansu, ba a watsa su a zaurukan WhatsApp. Kuɗin tafiya taro ma'aikatar mutum ko ƙasarsa ke biya, sai dai yawancin zaman rukunin aiki yanzu ta intanet ake yi, abin da ake buƙata shi ne layi mai ƙarfi da batirin da zai riƙe kwamfuta awa uku.

Bayan an buga

Ƙa'idar IEC ba doka ba ce a kan kowa sai ƙasa ta karɓe ta. SON na iya ɗaukarta yadda take ta zama NIS, wato ƙa'idar Najeriya, ko ta yi mata gyaran da za a bayyana a fili saboda yanayin ƙasa. Yarjejeniyar WTO, ƙungiyar ciniki ta duniya, kan shingayen ciniki ta yarda da kaucewa saboda yanayi, muddin akwai hujja. Daga nan take shiga SONCAP na kayan da ake shigowa da su, da MANCAP na waɗanda ake ƙerawa a gida, da binciken NEMSA. Misalin da kowa ya taɓa shi ne na mitar kati: tsarin lambobin da ke cikin IEC 62055-41 yana ƙirga mintuna tun daga 1993, ma'ajin ƙirgar ya cika a ranar 24 ga Nuwamba 2024, shi ya sa masu mita a Gusau da Jega suka karɓi lambobin sauya makulli daga kamfanin rarraba wuta na Kaduna.

Kowace ƙa'ida tana ɗauke da shekarar da aka yi alkawarin ba za a taɓa ta ba kafin ta, kuma ana ganin shekarar a shafin IEC. Idan ta matso, kwamiti na tambayar ƙasashe ko a bar ta, ko a gyara, ko a janye. Sharhin da aka ƙi a CDV saboda ya zo a makare ana ajiye shi tare da amsar sakatare, a ƙara masa awon bazara biyu ko uku, a sake miƙa shi a wannan zagaye, tare da sunan ƙwararren da ƙasa za ta tura cikin rukunin gyaran.