Abin da ke sa ciwon baya ya yi ta dawowa, da yadda za a tare shi

Galibin ciwon ƙugu yakan lafa cikin makonni shida, amma zafin yana gushewa ne tun kafin tsokoki su dawo da ƙarfinsu. A nan ake samun matsala. Mutum ya yi kwanaki yana lallaɓa jiki, tsokokin baya da na ciki da na mazaunai sun yi sanyi, ranar da ya ji sauƙi kuma sai ya koma aikinsa gadan-gadan, ya ɗora wa bayan da ya raunana nauyin da ya saba ɗauka da. Ba a jima ba ciwon ya tashi, ya sake kwanciya, jikin ya ƙara rauni. Haka abin ke ta zagayowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a shekarar 2020, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari ba a gano wata takamaiman cuta da ta haddasa shi. Wato ba lalle ne wani ƙashi ya goce ba. Ko hoton MRI, wato na na'urar asibiti da ke nuna cikin jiki, yakan nuna faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya ɗan bulluƙo a jikin mutanen da ba sa jin ciwon komai, shi ya sa likitoci ba sa saurin tura kowa ɗaukar hoto.

Ƙugu ƙashi biyar ne a jere, tsakanin kowane biyu akwai faifai mai taushi da ke rage gogayya. Faifan nan ba shi da wadatattun hanyoyin jini, motsin jiki ne ke taimaka masa samun abin da yake bukata. Zama wuri ɗaya na awanni yana hana shi wannan, shan taba kuma yana ƙara rage jinin da ke isa wurin. Rashin isasshen barci da yawan damuwa su ma suna da hannu: suna sa tsoka ta ƙage, jiki ya riƙa jin zafi fiye da kima.

Tafiya a ƙasa ita ce kariya mafi sauƙi, kuma an gwada ta. A wani bincike da aka yi a Ostireliya kan mutum 701 da suka warke daga ciwon ƙugu, wanda mujallar Lancet ta buga a 2024, waɗanda aka ɗora kan tsarin tafiya tare da wayar musu da kai sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwon ya dawo, sauran kuwa kwana 112. Ka fara da minti 10 a rana, ka riƙa ƙara minti biyar duk mako har ka kai minti 30, sau biyar a mako. Kada ka fara da awa guda don ka ji garau. Washegari za ka gane kurenka.

Sai motsa jiki guda uku, sau uku a mako, a kan shimfiɗa mai ɗan tauri. Na farko, ka kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa. Ka matse mazaunai, ka ɗaga ƙugu har kafaɗa da ƙugu da gwiwa su miƙe a layi ɗaya, ka riƙe daƙiƙa biyar, ka sauke a hankali. Sau 10. Idan ka ji aikin a gadon baya maimakon mazaunai, ka ɗaga ya wuce kima ne, ka rage.

Na biyu, ka durƙusa kamar mai rarrafe, tafin hannu daidai ƙarƙashin kafaɗa, gwiwa daidai ƙarƙashin ƙugu. Ka miƙa hannun dama gaba, ƙafar hagu baya, ka riƙe daƙiƙa 8 zuwa 10, sannan ka sauya. Sau biyar kowane gefe. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaga ƙafa sama da ƙugu, sai bayan ya lotsa, ƙugun ya karkace. Ƙafar ta tsaya daidai da baya kawai, kuma kada ka riƙe numfashi.

Na uku, ka kwanta ta gefe, ka dogara da gwiwar hannu, gwiwoyin ƙafa a lanƙwashe, ka ɗaga ƙugu daga ƙasa na daƙiƙa 10. Sau huɗu kowane gefe. Ɗan tsamin jiki da ke wucewa cikin kwana ɗaya ba komai ba ne. Amma zafin da ke sauka cikin cinya zuwa ƙafa alama ce ta a dakata a ga likitan fisiyo, wato mai kula da gashi da motsa gaɓoɓi.

Wajen ɗaukar kaya, ka matso da kayan jikinka, ka ware ƙafafu, ka lanƙwasa gwiwa da ƙugu. Abin da ya fi tayar da ciwo shi ne sunkuyawa da murɗa jiki a lokaci ɗaya alhali kaya na hannu. Idan za ka juya, ƙafafu za ka juya. Ka kuma guji ɗaga abu mai nauyi a awar farko bayan tashi daga barci, domin faifan yakan sha ruwa ya ɗan kumbura cikin dare, sunkuyo ya fi matsa masa a lokacin. Mai aikin zama ya miƙe duk bayan minti 30, ko da na minti biyu ne. Ɗamarar da ake ɗaurawa a ƙugu kuwa ba ta hana ciwon dawowa, kada a dogara da ita.

Idan ciwon ya tashi duk da haka, kada ka wuce kwana ɗaya ko biyu a kwance. Ka gasa wurin da abu mai ɗumi na minti 15 zuwa 20, da ƙyalle tsakaninsa da fata. Da dare ka sa matashi tsakanin gwiwoyi in ta gefe kake kwana, ko ƙarƙashinsu in rigingine. Maganin rage zafi na ibuprofen yana taimakawa na 'yan kwanaki, amma mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su tambayi likita tukuna.

Akwai alamun da ba a jira da su. Idan tsakanin cinyoyi ko kewayen dubura ya daina jin taɓi, fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba da sani ba, ko ƙafafu suna ta rasa ƙarfi, a tafi asibiti a ranar, domin mai yiwuwa jijiyoyin ƙasan baya ne aka danne, jinkiri kuma na iya barin lahani na dindindin. Haka nan ciwon da ya zo da zazzaɓi, ramar da ba dalili, ko bayan faɗuwa mai tsanani, da wanda ya kama mai tarihin ciwon daji ko tarin fuka, duk sai likita ya duba kafin a fara kowane motsa jiki.